Na Durƙusa a Dungu, Na Kasa Tashi

Kuskuren nawa ne, kuma ɗan ƙarami ne, irin wanda ko akuyar gidanmu ba za ta yi ba. Ana saura kwana biyar tsere na zauna a tsakar gidanmu a unguwar Sabonjida, cikin garin Tamale, na zari tsinken tsintsiya, na zana wa Kaka hanyar da za mu bi a ƙasa. Ba ta tambaye ni ba. Wake take tsincewa abinta, ni ne bakina ya yi mini ƙaiƙayi.

"Nan za mu tashi, daga babban fili. Mu ratsa Tishigu, mu ɓullo ta bakin layinmu, mu hau titin Kumasi har Dungu, sannan mu juyo. Kilomita ashirin da ɗaya cur."

"Wa zai biyo ku?" in ji Kaka.

"Ba kowa."

"To me kuka sata?"

"Kaka, tsere ne fa."

"Maigidana, ni tun da nake ban taɓa ganin namiji mai hankali yana gudu ba, alhali ba kare ba gobara." Sai ta ɗora yatsa a kan zanen. "Nan ne bakin layinmu? Da ƙarfe nawa za ka wuce?"

Na faɗa mata. Har na ƙara da cewa ni zan zo na ɗaya, ta fara gyara murya saboda guɗa.

Ga abin da ya sa tseren ya dame ni haka. A wannan daminar sakamakon jarrabawarmu ta gama sakandare ya fito. Baba tela ne, maganarsa ba ta da yawa. Ya karɓi takardar, ya duba, ya juya bayanta ko an manta da wani abu a can, ya ga fari fat, ya miƙo mini ya ci gaba da taka kekensa. Bayan sati biyu Kawu ya zo. Ƙanen mahaifiyata Mma ne, manomi, yana da gonar doya da masara a wani ƙauye can cikin hanyar Salaga. Ya ce girbi ya matso, hannu ya yi masa kaɗan, tun da yaro ba shi da abin yi a gari a ba shi shi. Na taɓa zuwa ƙauyen sau ɗaya. In kana son waya ta shiga sai ka hau kan suri ka ɗaga hannu sama kamar mai rantsuwa. Sauron wurin kuwa sai ya yi maka sallama kafin ya cije ka, don ya san ba inda za ka.

Abu ɗaya na iya a duniya, gudu. Ko kuwa in ce abu ɗaya nake zaton na iya. Akwai wani tsohon soja da ke horar da matasa a babban fili bayan sallar asuba, kowa Koci yake ce masa. An ce daga cikin 'yan ƙungiyarsa ake ɗiban masu gudu a kai su aikin ɗamara. Wata uku na yi ina bin bayansu daga nesa, ba wanda ya gayyace ni, ba wanda ya kore ni. Ran nan na yi ƙarfin hali na tare shi.

Ya dube ni daga kai har kambas ɗin yayana da ke ƙafata, ya ce, "Akwai tsere ran Asabar ta sama. Ka shigo ƙasa da awa biyu, ka zama nawa. Awa biyu da minti ɗaya, ban san ka ba."

Na kai wa Baba maganar. Ya tsayar da keke, ya cije zare, ya ce, "In ya ɗauke ka, ka zauna. In bai ɗauke ka ba, Litinin ka bi kawunka." Daga nan bai sake tayar da zancen ba, ni ma na san ba zai sake ba.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce ban taɓa yin kilomita ashirin da ɗaya ba. Mafi tsawon gudun da na yi sha huɗu ne, kuma ranar da na yi shi da rarrafe na shiga ɗaki, Mma ta zaci an yi mini duka. Amma na ce a raina sauran bakwai ɗin tsoron ƙauye zai yi mini su.

To ashe Kaka ba ta share zanen nan ba sai da ta kira mata uku suka gani. Ran Laraba labari ya kai Tishigu, unguwar su Mma. Ran Alhamis ya kai Dungu. Yana tafiya yana ƙiba. A Sabonjida tsere zan yi. A Tishigu ni ne zan wakilci arewa gaba ɗaya. Kafin ya isa Dungu an ce za a nuna ni a talabijin, kuma Turawa sun aiko a duba musu ƙafata.

Ran Juma'a da yamma Mma ta kira ni madafa. Mma Badagomba ce. Da ta auri Baba danginta ba su hana ba, amma shekara ashirin ke nan suna zuba ido su ga irin 'ya'yan da za ta tayar a gidan Hausawa.

Ta ce, "Gobe Mma Babba za ta fito bakin titi. Yaba ma an ce zai fito a Dungu."

Mma Babba yayarta ce, wadda ta goye ta. Yaba kuwa wan mahaifinta ne, shi ne babba a dangin gaba ɗaya, ya tsufa har ba a tuna ranar da ya fita ƙofar gida.

"To sai in ɗaga musu hannu," na ce.

Ta ajiye muciya. "Ka ɗaga wa wa hannu?"

"Mma, tsere ne. Agogo ake dubawa."

"Tseren cire wa mutum gwiwa yake yi? Ka wuce Yaba a tsaye, gobe ni da wace fuska zan shiga gidanmu? Su ce ga shi nan, abin da muka faɗa tun farko."

Wanda bai san garinmu ba ba zai gane ba. A wurin dangin Mma ba a gaida babba a tsaye. Sai ka durƙusa har ƙasa, ka sunkuyar da kai, ka ce dasiba in da safe ne. Daga nan shi zai karɓi gaisuwar ya yi ta jero tambaya, ya kwana, ya sanyi, ya gida, ya gajiya, kai kuma naka naa, naa, naa, har sai ya ga dama ya sallame ka. Ba ka tashi kafin nan. Wata ukun da na yi ina gudu ban taɓa cin karo da wannan matsala ba, don a lokacin da nake fita duk dattawa suna cikin masallaci suna lazimi. Tseren kuwa sai gari ya waye tangaram za a fara.

Na ce, "To, Mma." A raina na ce zan sunkuyar da kai in ɓuya cikin mutane, wa zai gane ni cikin taron nan.

Da safe na isa fili, aka maƙala mini lamba a ƙirji. Ga mutanen Kumasi da na Ankara, babban birnin ƙasarmu, sun zo, ƙafafu kamar sillen kara, takalma masu launi har suna kashe ido. Wani yana ta miƙe ƙafa yana ɗora ta a kafaɗarsa, na kau da kai don kada zuciyata ta karaya. Na ɗaura tsohon agogon Baba a hannu. Koci ya wuce ta gabana da usur a wuya, ya ce, "Kai, mai bin baya. In ba ka juya a Dungu cikin awa ɗaya da 'yan mintoci ba, ka tsaya can ka sha koko."

Aka busa, muka zuba.

Kilomita biyun farko na ji kamar ba ni da nauyi. An tare titi, ba babur ba yalo-yalo, waɗannan kekuna masu ƙafa uku da kullum suke neman ranmu. Titin Tamale gaba ɗaya namu. Na wuce mutum goma, na wuce ashirin. Na fara tunanin irin kakin da zai fi yi mini kyau.

Muna shiga Tishigu na hango su. Ba Mma Babba kaɗai ba ce. Benci biyu aka fito da su, mata sun cika su, sun sha mayafai kamar ranar suna. Na matsa tsakiyar titi, na laɓe bayan wani dogon mutum, na sunkuyar da kai. Da muka zo daidai su na ɗan rusuna ina gudu, irin rusunawar da ba ta ci mini ko daƙiƙa ɗaya ba.

Muryar Mma Babba ta tsaga titin. Da Dagbanci, yarensu, ta yi, amma ko mutanen Ankara sun fahimta.

"Wancan ɗan wa ne? Mai jar riga! Ɗan ƙanwata ne ya wuce ni kamar an koro ɓarawo?"

Ƙafafuna ne suka tsaya, ba ni ba. Na juyo ina kutsawa cikin masu gudu ta baibai, ana ture ni ana tsaki, na zo gabanta na zube.

"Dasiba."

"Naa. Ka kwana?"

"Naa."

"Ya uwarka?"

"Naa."

"Ya ubanka da ɗinki?"

"Naa."

Da ta gama ta kusa da ita ta ɗauka. Ita ma tana son ta ji yadda uwata ta kwana, kamar amsar za ta canza. Na bi bencin nan a durƙushe kamar kwaɗo, daga wannan zuwa waccan, takalma suna ta wucewa ta bayana, fat fat fat. Ta ƙarshe kurma ce, sai da na maimaita mata naa sau uku. Da Mma Babba ta ce in tashi in je, Allah ya ba da sa'a, minti huɗu sun tafi.

Minti huɗu ba komai ba ne, na ce. Na zura da gudu kamar wanda zai yi mita ɗari.

Sai Sabonjida. Tun daga nesa na ji guɗa, na san tawa ta same ni. Kaka ta kwashe layinmu kaf ta kawo bakin titi. An shimfiɗa tabarmi. Mai shayin kwanarmu ya matso da teburinsa saboda ciniki. A tsakiya kuma, kan kujerar roba, ga Malam, limamin masallacinmu, wanda ya koya mini karatu tun ina yawo ba wando.

"Ga maigidana! Ga angona!" Kaka tana ihu tana nuna ni da sanda. "Ku duba ƙafa! Tsaya mana, ɗan banza, Malam ya tofa maka albarka!"

Na durƙusa gaban Malam ina haki. "Malam, ina kwana. Malam, sauri nake."

"Lafiya lau. Sauri na Allah ne," ya ce, ya ɗaga hannu.

Duk wanda ya taɓa zama a bayan Malam ranar ɗaurin aure ya san abin da ɗaga hannun nan yake nufi. Ya fara da ni, Allah ya ba ni nasara. Amin. Ya koma kan iyayena. Amin. Ya gangara kan kakana da ya zo garin nan da fataucin goro, da waɗanda suka zo tare da shi, ɗaya bayan ɗaya. Amin. Ya roƙa wa marasa lafiya, da matafiya, da matan da ke da ciki, da manoma, da shugabanni Allah ya shirye su. Tafin hannuna a buɗe, agogon Baba yana kallona daga wuyan hannu, ina ganin dogon hannunsa yana tafiya. Ina cewa amin da ƙarfi don ya gane, shi kuwa ya ɗauka daɗin addu'ar nake ji, ya ƙara. Ba a tashi ana tsakiyar addu'a. Ko gobara ce ta kama rigarka sai an shafa.

Aka shafa. Na yunƙura, Kaka ta cafke mini riga, ta tura mini kofin koko a baki.

"Kaka, ba a sha ana gudu."

"Wa ya ce? Ka fita ba ka karya ba, ka faɗi a titi a ce ba na ba mijina abinci? Shanye."

Na sha rabi, rabi ya bi ta kan lambar ƙirjina. Da na koma titi, mutanen da muka taso tare ko ƙeyarsu ba na gani. Waɗanda ke kewaye da ni yanzu su ne masu tumbi, da wata mata da ke gudu tana hira a waya, da wani dattijo mai furfura da ke tafiya kamar yana tsoron taka ƙwai.

A nan na yi wauta ta biyu. Na ce sai na rama mintocin nan duka kafin Dungu. Titin Kumasi ya miƙe sambal, ba inuwa, rana ta fara cizo, ga damshin damina yana tasowa daga kwalta. Na saki ƙafa. Na wuce masu tumbi, na wuce mai waya, na wuce dattijon. Kokon Kaka ya tashi yana yawo a cikina yana neman ƙofa. Wani abu ya soke ni a haƙarƙari kamar an manta da allurar Baba a ciki. Ban rage ba. A ɗaya gefen titin na fara ganin na gaba suna dawowa, sun riga sun juya, fuskokinsu ko a jikinsu. Biyu daga cikinsu 'yan ƙungiyar Koci ne. Ɗaya ya dube ni ya ɗan ɗaga gira, ban san ko gaisuwa ce ko ta'aziyya ba.

Da na hango inda ake juyawa a Dungu, agogo ya ce awa ɗaya da minti ashirin. Lissafi ne ya fi kayar da ni a jarrabawa, amma wannan ko ni na iya shi. Saura kilomita tara, saura minti arba'in, ga ƙafafuna sun fara rawa da kansu. Duk da haka na ce wa kaina ai mu'ujiza tana faruwa, Malam ya roƙa.

Sai ga su a gindin wata bishiyar mangwaro, 'yan taku kaɗan kafin wurin juyawa. An fito da Yaba a kujerarsa ta katako, an sa masa babbar rigarsa ta saƙi, hula ta karkata gefe. Maza shida suna zaune a ƙasa kewaye da shi. Kawu yana tsaye a baya, ya jingina da babur ɗinsa.

Na yi tunanin wucewa, wallahi na yi. Idon Yaba ya yi rauni, ba zai bambanta ni da turken lantarki ba. Amma Kawu ya gan ni, ya sunkuya ya raɗa masa a kunne, tsohon ya ɗago kai yana lalube da ido, yana murmushi da bakinsa da ba haƙori. Tun asuba aka fito da shi. Na tuna muciyar Mma da ta ajiye. Na sauka daga kwalta.

Na durƙusa. "Dasiba, Yaba."

Gwiwata tana kaiwa ƙasa na ji wani abu ya damƙe mini bayan cinyar dama, kamar kare ya kafa haƙori ya ƙi saki. Kafin in ce wayyo ta hagu ma ta ɗauka. Jijiyoyin suka dunƙule suka zama dutse.

"Naa, jikana. Ka kwana?"

"Naa."

"Ya sanyi?"

Zufa tana ɗiga daga haɓata. "Naa."

Ya tambayi uwata, ya tambayi ubana, ya tambayi Kaka da ciwon ƙafarta. Da ya gama ya ce in tashi in je, kada abokaina su bar ni. Na yunƙura. Ba abin da ya motsa. Na sake yunƙurawa, hawaye ya cika mini ido, na ƙara sunkuyar da kai don kada a gani.

Yaba ya ga ban tashi ba. Ya juya wurin mutanensa.

"Kun gani? An sallame shi ya ƙi tashi. Yaran yanzu kafin ka rufe baki sun kai kasuwa. Wannan kam 'yarmu ta ba shi tarbiyya. Wa ya ce gidan Hausawa zai ɓata shi?"

Mazan suka yi ta gyaɗa kai suna tafa hannu a hankali. Shi kuma, don ya saka mini, ya sake sabuwar gaisuwa daga farko. Ya kwana. Ya gida. Ya karatu. Wannan ma na ce naa. Ya ɗora hannu a kaina ya fara ba su labarin yadda shi ma yana saurayi ya taɓa bin barewa da ƙafa tun daga hantsi har la'asar. Ina durƙushe, ina cizon leɓe. Mai waya ta wuce, har yanzu tana hira. Masu tumbi suka wuce. Dattijon nan mai furfura ya zo, ya juya, ya sake wucewa.

Kawu ne ya gane. Ya zagayo ya tsuguna kusa da ni, ya yi ƙasa da murya.

"Ƙafar ce?"

"Kawu, ta mutu."

Ya sa hannu a hammatata ya ɗaga ni cak kamar buhun masara, ya ce wa Yaba yaro zai sha ruwa, ya kai ni bayan bishiyar ya kwantar. Ya kama ƙafar ya miƙe ta, ya danna tafin da ƙirjinsa. Na yi ƙarar da na tabbata an ji ta a Sabonjida. Hannunsa kamar bawon itace. Ya murza, ya murza, ya fasa ruwan leda ya zuba mini a kai.

"Awa nawa Kocin naka ya ce?"

"Awa biyu."

Ya kama hannuna ya duba agogon. Ya saki hannun.

Can ya ce, "Hau babur in kai ka gida."

"A'a."

"To in kai ka kusa da filin in sauke ka a lungu, ka ƙarasa da ƙafa. Wa zai sani?"

Na dube shi. Mutumin da zai tafi da ni ƙauye ne yake ba ni hanyar tsere masa, kuma da gaske yake. Ina so in ce tsoron Allah ne ya hana ni. Gaskiya 'yan ƙungiyar Koci sun gan ni a baya can, kuma ko da an sauke ni a bakin filin ban ga ƙafar da zan shiga da ita da gudu ba.

"Zan ƙarasa," na ce.

"To. Ka bi a hankali." Ya taimake ni na miƙe. "Ɗakin da za ka kwana na sa an gyara rufin. Ba ya yoyo yanzu."

Da alheri ya faɗa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na zagaya wurin juyawar, mai rubuta lamba har ya fara naɗe takardarsa. Kilomita taran nan ba gudu na yi ba, ba kuma tafiya ba, wani abu ne a tsakani wanda ba shi da suna. In na ɗan ɗaga ƙafa sai cinyar ta yi mini gargaɗi. Ina kallon agogo lokacin da awa biyu ta cika. Ina daidai wani gidan mai ne, wata mata tana soya ƙosai a gefe, wani yana wanke babur. Ba abin da ya faru. Na ci gaba da jan ƙafa don ban san me zan yi ba in na tsaya.

Can 'yan sanda suka buɗe titi. Babura da yalo-yalo suka dawo kamar an fasa musu keji. Wani direba ya rage gudu kusa da ni.

"Cale, abokina, an gama tseren fa! Ko na baɗi ka fara?"

Fasinjojinsa suka kwashe da dariya. Ni ma na so in mayar masa, ina da amsoshi masu kyau, amma numfashin bai kai ba.

Hanyar dawowa ba ta bi ta unguwarmu ba, wannan kaɗai ne rahamar ranar. Na tafi ina ta lissafi. Minti huɗu a Tishigu. Wajen takwas a Sabonjida. A Dungu ban ma sani ba. In na cire su duka, in na cire kokon, in na cire haukan da na yi a titin Kumasi, zan shigo ƙasa da awa biyu? Na juya lissafin ta kowace fuska. Wani lokaci ya ba ni, da kyar. Sau da yawa bai ba ni ba. Wanda bai taɓa wuce sha huɗu ba, ko duk dattawan Tamale sun yi tafiya ranar, ban san abin da zai same shi a na sha bakwai ba. A ƙauye in ana hira ina cewa gaisuwa ce ta kayar da ni, ana dariya, har a ce in sake ba da labarin Yaba. Ban taɓa ƙara musu da wannan lissafin ba.

Da na shiga fili ana kwance rumfuna. An kashe lasifika, an tara kujeru. Wata mata da ke tattara kaya ta ga lamba a ƙirjina, ta buɗe kwali ta miƙo mini abin wuya na waɗanda suka gama, ko kallona ba ta yi ba. Koci yana bakin ƙofa yana ɗaure jaka a bayan babur.

"Koci."

Ya juyo. "Mai bin baya. Nawa?"

"Biyu da hamsin."

"Me ya faru?"

Na buɗe baki. Ta ina zan fara, daga tsinken tsintsiya? Na ce, "Na tsaya gaisuwa."

Ya saki igiyar jakar. Shi ma ɗan garin nan ne, bai yi dariya ba.

"Sau nawa?"

"Uku."

"Hm." Ya ja igiyar jakarsa ya ƙulle. "Ka gama dai, wasu mota ta kwaso su. Amma na faɗa maka awa biyu. In na karya maka, gobe mutum talatin za su zo mini da kakanninsu. Ka dawo baɗi."

"Baɗi ba na gari."

"To," ya ce, ya tayar da babur.

A gida kuwa biki ake. Kafin in iso, saƙon Yaba ya riga ni. Mma Babba ta zo da kanta daga Tishigu, abin da ba ta yi ba tun sunan ƙanwata. Mma tana ta kai da kawo da kwanukan tuwon zafi, fuskarta kamar an ba ta kujerar Makka. Ta kama kaina ta ce, "Ka fitar da ni kunya." Kaka ta karɓe abin wuyan ta rataya a nata wuyan, tana gaya wa kowa mijinta ne ya zo na ɗaya, sauran duk sun gudu sun bar filin don tsoronsa. Ba wanda ya tambayi agogo.

Sai Baba. Yana shagonsa a zaure, na shiga na kwance agogon na ajiye masa a kan keke.

"Na ji abin da ka yi a Dungu," ya ce. "Ka kyauta."

Na tsaya. Na ce a raina ko wannan zai sa ya sake tunani.

"Ya ɗauke ka?"

"A'a."

Ya ɗaura agogonsa, ya gyara ƙyallen da ke ƙarƙashin allura.

Ran Lahadi ban iya sauka daga katifa ba sai da aka kama ni. Ran Litinin bayan sallar asuba Kawu ya zo da babur, aka ɗaure jakata a baya, na hau. Wata bakwai ke nan ina ƙauye. Mun cire doya, mun tayar da sabbin kunyoyi, kuma tun ranar ban sake yin gudu ba.